Malamin jami'a da ya matsa wa ɗaliba: abin da sashe na 302-1 na dokar Kamaru ya tanada

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ya fito aka fara maganar rajistar shiga jami'a, sai wani zance ya taso a zauruka da tsakar gidaje, daga Marwa zuwa Garwa har Ngaundare. Wai yarinyar da ta shiga jami'a ba ta da mai kare ta, malami na iya riƙe mata maki har sai ta ba da kai, kuma idan ta kai ƙara ita za a ɗaure. Da wannan hujja wasu iyaye ke yanke cewa karatun 'yarsu ya tsaya a lise, wato babbar sakandare. Su kuma samari suna tsoratar da junansu cewa ko sallama ka yi wa ɗaliba, in ta ga dama, shekara biyar ce a kurkuku. Duka maganganun biyu sun kauce wa abin da ke rubuce, kuma ya kamata wanda ke shirin tafiya jami'ar Ngaundare da ke Dang, ko jami'ar Marwa, ko ta Garwa da aka kafa a 2022, ya san rubutun kafin ya ɗaure kayansa.

Dokar da ake magana a kai ita ce kundin hukunta laifuka na Kamaru, doka mai lamba 2016/007 ta ranar 12 ga Yuli, 2016. Kafin wannan kundi babu wani sashe da ya ware matsin lamba don neman lalata a matsayin laifi mai zaman kansa. Sashe na 302-1 ne ya zo da shi, kuma ya ce duk wanda ya yi amfani da ikon da matsayinsa ya ba shi ya takura wa wani, ta hanyar ba da umarni, ko barazana, ko tilastawa, ko matsin lamba, da nufin samun biyan buƙatar lalata, za a ɗaure shi daga wata 6 zuwa shekara 1, tare da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1. Sashen bai ware mace ko namiji ba, ya shafi ɗalibi da ɗaliba, ma'aikaci da mai koyon sana'a.

Kuskuren da ya fi yawa yana kan shekaru. Mutane sun ji cewa hukuncin yana ƙaruwa zuwa ɗaurin shekara 1 zuwa 3 idan wanda aka zalunta bai kai shekarun girma ba, sai suka ɗauka cewa kariyar ta ƙananan yara ce kawai, wadda ta gama lise kuwa ta fita daga ciki. Ai sashen bai ƙare a nan ba. Sakin layi na uku ya ce idan mai laifin shi ne aka ɗora wa alhakin ilmantar da wanda aka zalunta, ɗaurin ya zama shekara 3 zuwa 5, kuma a wannan wuri doka ba ta ambaci shekaru ko kaɗan ba. Ke nan ɗaliba mai shekara 19 a ajin farko da matar aure mai 'ya'ya da ke rubuta kundin digirinta na biyu duk inuwa ɗaya suke ciki, kuma malamin da ke koyar da su ko yake duba musu kundi hukunci mafi tsanani ne ke jiransa, ba mafi sauƙi ba.

Wani kuskuren kuma shi ne zaton cewa sai an aikata abin kafin a ce an yi laifi. Abin da sashen ke hukuntawa shi ne matsin da nufin da ke bayansa. Malamin da ya ce wa ɗaliba makinta yana hannunsa sai ta same shi a masauki ya riga ya faɗa ciki, ko da ta juya ta yi tafiyarta. Idan kuwa abin ya kai ga fyaɗe, wannan wani babi ne daban: sashe na 296 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ana ninka hukuncin idan mai laifin yana da iko a kan wadda aka zalunta, kuma tun 2016 auren da aka ɗaura daga baya ba ya kashe shari'ar.

Game da tsoron samari, sharaɗin iko ya isa amsa. Ɗalibin da ya nemi abokiyar karatunsa da magana ba shi da makinta a hannu, ba ya sa mata hannu a takarda, saboda haka sashen bai hau kansa ba. Sai dai a ganina nan ne dokar ta bar giɓi, domin ɗalibin da ya addabi yarinya da kira da bibiya har ta ƙaurace wa aji yana iya tsallake wannan sashe, sai dai a neme shi da wani laifin kamar barazana, ko a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a.

Saura batun da ya fi tsorata iyaye, wato ɗaure mai ƙara. Zancen yana da tushe, amma an yanke shi rabi. Sashe na 304 yana hukunta wanda ya kai wa hukuma ƙarar ƙarya da za ta iya jawo wa wani hukunci, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tara, sai dai idan ya nuna cewa yana da ƙwararan dalilan da suka sa ya gaskata abin da ya faɗa. Rashin samun nasara a kotu ba shi ne ƙarya ba. Yarinyar da ta je ofishin 'yan sanda, ko na jandarma, ko wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, ta faɗi abin da ya same ta kamar yadda ya faru, ta nuna saƙonnin da aka turo mata, ba ita wannan sashe ke nufi ba.

Inda haɗarin yake da gaske shi ne waya. Wadda ta ɗora sunan malami da hotonsa a Facebook ko a zauren WhatsApp na ajinsu ba tare da hujja a hannu ba ta buɗe wa kanta ƙofa biyu: ƙarar ɓata suna a ƙarƙashin sashe na 305, mai ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, da kuma sashe na 78 na dokar laifukan intanet ta Disamba 2010, mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Mai karatu zai lura cewa mafi girman wannan tarar ya ninka mafi girman ta mai matsin lambar sau goma, abin da ke da wuyar karewa a ma'aunin adalci, amma haka yake a rubuce. Saboda haka abin da ya dace uwa ko yaya ta gaya wa mai tafiya shi ne kada ta goge saƙo komai muninsa, ta rubuta rana da wurin da aka yi maganar, ta sanar da wani babba tun abin yana sabo, kuma idan makinta ya faɗi ba dalili ta shigar da takardar ƙorafi a tsangayarsu ta riƙe kwafi. Wannan yana buƙatar gida ya zama wurin da yarinya za ta iya faɗin irin wannan magana ba tare da an ce ta tattaro kayanta ta dawo ba, domin tsoron a raba su da karatu ne ke rufe bakin da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma wa'adi. A tsarin shari'ar laifuka na Kamaru, laifi irin wannan ana iya bibiyarsa ne cikin shekara 3, kuma digirin farko ma shekara 3 ne. Ɗalibar da aka matsa wa a zangon farko, ta ce za ta yi haƙuri har ta karɓi takardarta sannan ta yi magana, tana iya zuwa ta tarar lokacin kai ƙara ya wuce.