"Tu-fas": ba wanki biyu ba ne, ƙidaya ce kafin rabo

Tun da mutane suka farga cewa faya-fayan DVD ɗin da ke jibge a cikin durowa sun fara karcewa, kuma sababbin kwamfutocin hannu ba sa zuwa da wurin sa faifai, kowa ya tashi kwashe nasa zuwa filashi ko rumbun kwamfuta. Da wannan aikin wata kalma ta shigo bakin jama'a: "tu-fas". Masu turin fina-finai suna faɗin ta, masu ɗaukar bidiyon biki suna faɗin ta. Kwanakin baya na kai faifan bikin yayata wani shago, sai yaron shagon ya ce da ni, "Yallaɓai, wan-fas za a yi maka ko tu-fas? Tu-fas ya fi tsada, amma sau biyu ake wanke hoton, ya fi fitowa garau."

Wannan "sau biyu ake wankewa" shi ne abin da ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Mutane sun ɗauki abin kamar noma ne, a yi firi sannan a dawo a yi maimai, gona ta ƙara kyau. To ba haka ba ne. Da a ce da gaske sau biyu ake matse bidiyon, wato rage girman fayil ɗinsa, da lalacewa zai yi, don duk matsa ɗaya sai an zubar da wani abu daga cikin hoton, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

"Wan-fas" bi ɗaya ke nan. "Tu-fas" kuwa, ita ma kalmar Turanci ce, ma'anarta bi biyu, wato manhaja ta bi ta kan fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe har sau biyu. A bi na farko ba ta fitar da bidiyon da za ka kalla. Kallo kawai take yi tana rubutu a wani ɗan ƙaramin fayil: nan wurin akwai motsi da yawa, nan babu, nan duhu ne, nan hoto ya sauya. A bi na biyu ne take yin ainihin matsar, sau ɗaya tak, tana duba abin da ta rubuta. Sababbin fitowar HandBrake, wata manhajar matse bidiyo, sun sauya sunan zuwa "molti-fas", bi da yawa, amma a yawancin aiki biyun nan ne dai.

Me ya sa sai an yi kallon farko? Ɗauki uwar biki da aka danƙa wa tukunyar nama guda ɗaya, aka ce kada ya ƙare kafin baƙi su ƙare, kada kuma ya yi saura. Idan ba ta san su wa ke tafe ba, dabara ɗaya ce gare ta: ta riƙa zuba wa kowane kwano kusan daidai wa daida, tana leƙa tukunya tana ƙiyasi. Kwanon yara biyu ya sami tsoka biyar, kwanon dangin ango su goma sha biyu shi ma ya sami biyar ko shida. In ta saki hannu da safe, da la'asar sai ta koma tsuke shi, waɗanda suka zo a ƙarshe su tashi da romo. Amma idan tun da farko ta zaga gidan ta ƙirga ɗakuna, ta san inda aka cika da inda mutum uku ne kawai, rabonta zai tafi daidai. Abin lura shi ne zagayen da ta yi bai ƙara ko tsoka ɗaya a tukunyar ba. Naman nan dai shi ne. Rabon ne ya gyaru.

Tukunyar ita ce girman fayil ɗin da ka ƙayyade. Naman kuma shi ne adadin bayanan da ake kashe wa kowace daƙiƙa ta bidiyo, abin da masu sana'ar ke kira "bitiret". A faifan bikin yayata akwai wurin da malam ke zaune yana nasiha wajen walima, kusan minti ashirin kyamara ba ta motsa ba, bango fari, bakinsa da hannunsa kaɗai ke motsi. Wannan ɗakin mutum uku ne, abu kaɗan ya ishe shi. Sai kuma wurin kamu: mata sun cika fili, leshi da shadda kowanne da irin zanensa, ana liƙi kuɗi na tashi sama, mai kyamara yana juyi, fitila na walƙiya. Nan ne dangin ango. In aka ba wuraren nan biyu rabo ɗaya, malam zai fito tas har da rarar da ba ya bukata, wurin kamu kuwa fuskoki su farfashe su zama ƙananan murabba'ai. Tu-fas yana ɗebe rarar malam ya kai wa masu kamu. Aikinsa ke nan, kuma aiki ne mai kyau.

Darajar da kalmar ta samu ma daga nan ta faro. A farkon shekarun 2000, zamanin injinan matse bidiyo na DivX da Xvid, burin kowa shi ne ya cusa fim ɗin DVD a faifan CD mai cin megabayit 700. In fim ɗin minti 90 ne, abin da kowace daƙiƙa za ta samu bai wuce kilobit 1,000 da 'yan kai ba, hoto da sauti a haɗe, alhali DVD na iya kashe wa hoto kaɗai har kilobit 9,800 a daƙiƙa. Tukunya ƙarama, baƙi da yawa, kuma in fayil ya haura 700 ko da kaɗan ne, ba zai shiga faifan ba. A wannan yanayin wanda bai yi tu-fas ba ya yi ganganci. Masu aikin wancan lokaci sun yi gaskiya da suka ce ya fi. Sharaɗin ne aka manta a hanya, aka riƙe hukuncin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake jefa duk wani wan-fas a kwando ɗaya, alhali iri biyu ne, kuma ba su da kama. Na farko shi ne na uwar bikin da ba ta ƙirga ba: an ƙayyade girma, an kuma hana ta zagaye. Wannan kam tu-fas ya fi shi. Na biyu kuwa ba a ƙayyade girma sam. Ingancin hoto ake ƙayyadewa, a ce wa manhaja ta ba kowane wuri abin da zai ishe shi, girman fayil ya tsaya duk inda ya tsaya. Kamar a ce wa uwar biki kowane baƙo ya ƙoshi, in tukunya ta ƙare akwai wata. Wadda aka ba wannan umarni ba ta bukatar ƙirga kowa. A x264, injin matse bidiyo na H.264 da HandBrake ke amfani da shi, sunan wannan hanya CRF, a fuskar HandBrake kuma RF ake rubutawa. Lambobinsa daga 0 zuwa 51 ne, ƙaramar lamba ita ce hoto mafi kyau da fayil mafi girma. Ga bidiyon DVD, masu HandBrake suna ba da shawarar 18 zuwa 22. In ka ƙara shida a kan lambar, girman fayil yakan ragu da kusan rabi.

Idan aka matse fim ɗaya da CRF ya fito a wani girma, aka sake ɗauko asalin aka matse da tu-fas aka nufi wannan girman daidai, da wuya ido ya raba su. Shi ya sa in kana aiki da x264 a HandBrake ka zaɓi RF, akwatin molti-fas ba ya ma karɓar dannawa. Sai ka koma kan ƙayyade bitiret yake buɗewa. Manhajar da kanta tana gaya maka cewa ƙidaya ba ta da amfani in babu tukunyar da aka iyakance.

Saboda haka tambayar da ta kamata yaron shagon ya yi mini ita ce: ina za ka ajiye shi? In zan mayar da shi kan faifan DVD mai gigabayit 4.7, ko filashin da aka tsara da FAT32, wani tsohon tsarin ajiyar fayil wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, ko zan tura wa wani da data ƙididdigagge, to girma ya zama dole, tu-fas ya cancanci ƙarin lokacin da yake ci da man janareta. In kuwa a rumbun kwamfuta zai zauna, inda babu wanda ya damu ko ya zama megabayit 900 ko 1,300, ni dai ban ga dalilin da za a zaɓi wani abu ba RF ba. Hasali ma ƙayyade girma ɗaya ga kowane faifai zalunci ne ga wasu, almubazzaranci ga wasu, don faifan wa'azi da na hawan sallah mai ƙura da dawakai ba cinsu ɗaya ba.

Kuma ko wanne aka bi, hoton DVD irin namu 720 ne a 576, an riga an matse shi da MPEG-2, tsarin matsa na DVD, tun ranar da aka buga faifan. Babu yawan bi da zai mayar da shi HD, duk wanda ya ce maka zai yi, kuɗinka yake so.

Faifan yayata kuwa ban bari an matse shi ba ko kaɗan. A cikinsa akwai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana sa wa amarya albarka, kuma babu wani kwafi a duniya sai wannan. Faifan da mai bidiyon biki ya buga ba shi da makullin hana kwafi, don haka na ce a kwashe jakar VIDEO_TS ɗin, inda fayilolin bidiyon faifan suke, yadda take, bai kai gigabayit biyar ba, na ajiye a wuri biyu. Daga wannan kwafin ne na fitar da ƙarami a RF 20 na tura wa 'yan uwa su kalla a waya.