Waiwaye: Yadda gidan Dumfries ya sha da ƙyar

A 2007 saura ƙiris a watsa kayan gidan Dumfries a kasuwar gwanjo, har an loda su a manyan motoci sun kama hanyar Landan inda kamfanin Christie's zai sayar da su, sai ga waya wai direbobi su juyo, an samu masu sayen gidan da komai nasa.

Gidan yana kusa da garin Cumnock ne a kudu maso yammacin Sikotland. Wani basarake, William Dalrymple, shi ya sa 'yan gidan Adam, wasu 'yan'uwa masu zanen gine-gine, suka gina masa daga 1754 zuwa 1759. Matarsa ta rasu ana cikin aikin, ga shi ba magaji, sai bawan Allah ya shiga zuba kaya na alfarma ko ya samu wadda za ta aure shi, ya sayo kujeru da gado da durowar littattafai wajen shahararren kafintan nan Thomas Chippendale. Ya yi auren kuwa, amma har ya rasu a 1768 Allah bai ba shi magajin ba. Daga baya gidan ya koma hannun zuri'ar Bute ta hanyar auratayya, su kuma da yake suna da wani babban gidan ba su cika taɓa wannan ba, shi ya sa kayan suka zauna yadda aka ajiye su sama da shekara 200.

Dattijuwa ta ƙarshe da ta zauna ciki ta rasu a 1993, gida ya zama a kulle, kuɗin kula da shi ya yi wa magajin yawa ya sa shi a kasuwa. Nan fa Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarkin Birtaniya, ya haɗa kan gwamnati da ƙungiyoyi aka tara fam miliyan 45, miliyan 20 daga ciki bashi ne gidauniyarsa ta ciyo. An so a biya bashin da kuɗin wata sabuwar unguwa, Knockroon, sai tattalin arziki ya karye a 2008 gidajen da aka gina ba su kai ko kusa da yadda aka tsara ba.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba kujerun ba ne wallahi. Yankin nan na masu haƙar kwal ne, da aka rufe ramukan aiki ya ƙare, matasa suka koma zaman kashe wando. To da aka buɗe gidan ga jama'a a 2008 ba a tsaya kan gyaran ɗakuna kawai ba, an farfaɗo da tsohon lambun da ciyawa ta cinye, Sarauniya Elizabeth da kanta ta buɗe shi a 2014, sannan aka kafa wuraren koyon girki da aikin otal, ɗinki, noma da ginin gargajiya a cikin filin mai kusan eka 2,000. Yanzu 'ya'ya da jikokin masu haƙar kwal ɗin na cikin masu koyon sana'a da ɗaukar albashi a wurin, shiga filin ma kyauta ne, cikin gidan ne sai da tikiti.