Waƙar gwagwarmaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa

Jiya a majalisarmu nan Ɓaɓura wani yake cewa wai mawaƙin Hausa bai iya komai ba sai roƙo da bambaɗanci, waƙar faɗa wa mahukunta gaskiya kuma yaran hip hop ne suka kwaso ta daga Amurka. Haba malam! Tun da aka kafa jam'iyyar siyasa ta NEPU a Kano a 1950 da waƙa ake zaburar da talakawa, irin su Mudi Sipikin suna rubutawa, ƴan jam'iyya na rerawa kasuwa-kasuwa kan haraji da jangali da zaluncin ƴan doka, wasu har kurkuku suka sha. Ɗan Maraya Jos ma da kuntiginsa karen mota ya yi wa waƙa. Ka tambayi dattawan garinku, wallahi har yau wasu sun haddace baitocin.