Koyon Turanci daga labaran diflomasiyya da tsaro: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Na daɗe ina koyar da magidanta Turanci bayan sallar isha'i. Tun da na ba su shawarar su riƙa tsintar kalmomi daga labaran duniya, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini, a aji, a waya, har a bakin masallaci. Ga su nan na tattara. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, me ya sa labaran diflomasiyya, ba na ƙwallo ba?

Saboda labarin yana kanku tuntuni. Wanda ya tashi da BBC Hausa ko DW ko RFI a kunne ya san takunkumi, ya san Kwamitin Sulhu, ya san hawa kujerar na-ƙi. Sunan abin da Turanci kawai ya rage masa. Kuma kalmomin ba su da yawa, su ake juyawa kullum.

Kalma nawa zan haddace a rana?

Biyar. Duk wanda ya ce mini ashirin, bayan mako biyu ba na sake ganin littafinsa.

Wane ƙamus zan saya?

Na masu koyo, Oxford ko Longman, mai ba da misalin jimla. Ya isa.

Na duba sanction na ga ma'ana biyu masu karo da juna. Ƙamus ɗin ne ya yi kuskure?

Bai yi ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, jaridu suka rubuta impose sanctions. Da ta janye a Fabrairun 2024, suka rubuta lift sanctions. Amma idan ka ga an ce wata hukuma sanctioned the use of force, amincewa ta yi a yi amfani da ƙarfi. Maƙwabtan kalmar ne ke faɗa maka inda ta dosa.

Nan ne nake faɗa da ku kullum. Wani ɗalibina ya kawo mini littafinsa, ya ja layi a tsakiyar shafi da jan biro, Turanci a hagu, Hausa a dama, kalmomi sun fi ɗari, rubutu tsaf. Na ce ya haɗa mini jimla ɗaya da sanction. Ya yi shiru, sannan ya ce they put sanction. Wahalar wata guda ta tafi a banza. Ku daina rubuta kalma ita kaɗai kamar marainiya. Ku kwafo jimlar da kuka same ta a ciki, ku ja layi ƙarƙashin kalmar da ke tafiya da ita.

Rabin labarin ba na ganewa. In haƙura?

Haba ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Saurari labarin da Hausa da safe, ka nemi shi wannan labarin da Turanci da yamma. Ka riƙe rikici ɗaya, Sudan ko Yukren, ka bi shi wata guda. Kafin ka ankara kalmomin za su fara yi maka sallama da kansu.

Ceasefire, truce, armistice, pause: duk "tsagaita wuta" nake ji a rediyo. Wanne zan sa idan ina rubutu?

Wannan ita ce tambaya mai nauyi, kuma ba ta da amsar da za a yanke da wuƙa.

Mai sauƙin ita ce armistice. Yarjejeniya ce a rubuce wadda ɓangarori ke sa wa hannu a daina faɗa gaba ɗaya, ko da ba a yi sulhu ba. Misalin da kowa ke kawowa shi ne na yaƙin Koriya, wanda aka sa wa hannu ran 27 ga Yulin 1953, kuma har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Da wuya ka buƙaci kalmar a labarin yau da kullum.

Sauran ukun ne ke da santsi. Galibi pause ɗan dakatawa ne na sa'o'i ko kwanaki, don a shigar da agaji ko a fitar da mutane, kowa ya san za a iya komawa fagen daga. Ceasefire ta fi ƙarfi, ana fatan ta ɗore ta buɗe ƙofar tattaunawa. Duba yadda Kwamitin Sulhu ya yi da Gaza. Ƙuduri mai lamba 2712 na Nuwamban 2023 ya ce calls for humanitarian pauses. Sai a ƙuduri na 2728, ran 25 ga Maris 2024, aka ce demands an immediate ceasefire na watan Ramadan. Watanni aka kwashe ana jayayya kafin a tsallaka daga waccan kalma zuwa wannan. Ka lura da aikatau ɗin ma: calls for kira ne, demands kuwa cewa ne lallai a yi.

Truce ita ce mai shiga ko'ina. Sau da yawa tana nufin tsayawa na ɗan lokaci, amma 'yan jarida na son ta a kanun labari don gajarta ce, sai ka ga kanu ya ce truce, cikin labarin ya ce ceasefire, abu ɗaya ake nufi. Saboda haka kada ka ɗauki bambancin da na zayyana a matsayin doka. A takardar hukuma ana auna kowace kalma, a jarida kuwa ana sassautawa. Shawarata, kuma wani malamin zai iya saɓa mini: idan kana ba da rahoton abin da wani ɓangare ya faɗa, yi amfani da kalmar da shi ya zaɓa, domin zaɓin nasa ma labari ne. Idan naka rubutun ne kuma kana kokwanto, ceasefire ta fi zama lafiya.

Abstain da veto ɗaya ne?

A'a. Kwamitin na da ƙasashe 15, ƙuduri na buƙatar ƙuri'a 9. Idan Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha ko Sin ta ce a'a, veto ke nan, magana ta mutu. Abstain ƙin jefa ƙuri'a ne, ba ya kashe ƙuduri. Haka Amurka ta yi a 2728, sauran 14 suka amince, ya wuce.

Ƙananan kalmomi irin the, dole sai na damu da su?

Ƙuduri na 242, na shekarar 1967, ya nemi Isra'ila ta janye from territories occupied, babu the. Na Faransanci ya ce des territoires occupés, wanda ake iya fassarawa da the a ciki. Shin duk yankunan ake nufi ko wasu? Fiye da shekara hamsin ana ta musu a kan haka. To kai ka ce ba za ka damu ba?

An yi summon na jakada, an kore shi ke nan?

Ba a kore shi ba. Summon, ƙasar da yake ciki ce ta kira shi ma'aikatar harkokin waje ta nuna masa ɓacin ranta. Recall, ƙasarsa ce ta kira shi gida. Expel ita ce kora, kamar yadda sojojin Nijar suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, sa'o'i 48 a Agustan 2023, ko da yake sai ƙarshen Satumba ya bar Yamai. Persona non grata kuma Latin ce, tana cikin yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya: an ce ba a maraba da shi.