"Kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba": ma'anar taken masu otizim a fagen bincike

Duk mai bibiyar muhawarar da ake yi kan otizim a Amurka da Birtaniya zai riƙa cin karo da wannan take a jikin alluna da kuma bakin masu jawabi. Bahaushe ya daɗe da taƙaita shi: ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Ba masu otizim ne suka ƙirƙiro shi ba. Masu fafutukar haƙƙin naƙasassu ne suka yaɗa shi a shekarun 1990, Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da shi taken Ranar Naƙasassu ta 2004, sannan yarjejeniyarta ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta wajabta wa gwamnatocin da suka amince da ita tuntuɓar naƙasassu kafin tsara abin da ya shafe su. A shekarar 2006 ɗin ne Ari Ne'eman da Scott Robertson suka kafa ƙungiyar ASAN a Amurka, wadda masu otizim ke jagoranta da kansu, suka kuma ɗauki taken a matsayin kirarinsu.

Otizim dai yanayi ne da mutum ke tasowa da shi tun yarinta, ya kuma rayu da shi har tsufa. Yana shafar yadda yake mu'amala da magana, da yadda yake jin ƙara ko haske ko taɓi, da yadda yake jure canjin abin da ya saba. Cikin masu otizim wani farfesa ne, wani kuwa ba ya furta ko kalma ɗaya. Da yawansu ba sa son a kira abin cuta, shi ya sa na kauce wa kalmar.

A fagen bincike, taken yana nufin masu otizim su sa baki a kan abin da za a bincika da inda kuɗin bincike zai tafi. To me ya kawo maganar kuɗi? Bincike ba ya tafiya sai da tallafi, kuma tambayar da aka ba kuɗi ita kaɗai ke samun amsa. Kwamiti ne ke zama da tarin takardun neman tallafi a gabansa: ga ta mai son nazarin ƙwayoyin gado, ga ta mai gwaji a kan ɓeraye, ga ta mai son gano abin da ke hana balagaggu masu otizim zama a wurin aiki. Kuɗin bai isa duka ba, dole a zaɓa. Shekara da shekaru masu wannan zaɓi likitoci ne da masana da masu ba da gudummawa, wani lokaci da iyaye. Mai otizim kuwa shi ake ɗebe wa jini, shi ake saka wa kai a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sannan a yi masa godiya a sallame shi.

A 2013 mai bincike kan otizim Liz Pellicano da abokan aikinta sun bi diddigin kuɗin da aka kashe kan binciken otizim a Birtaniya daga 2007 zuwa 2011, kusan fam miliyan 21. Kashi 56 cikin 100 ya tafi ga nazarin ƙwaƙwalwa da halittar jiki da tunani. Hidimomin da mutane ke buƙata a rayuwar yau da kullum sun sami kashi 5 kacal. Da suka tambayi masu otizim da iyalansu, sai suka tarar hankalinsu yana can inda kuɗin bai je ba. A 2016 Autistica, ƙungiyar da ke tallafa wa binciken otizim a Birtaniya, ta fitar da jerin tambayoyi goma da masu otizim da iyalai da ma'aikatan lafiya suka zaɓa tare. Ta farko ita ce yadda za a inganta lafiyar ƙwaƙwalwa, wato a rage damuwa da fargaba. Ta biyu, yadda za a taimaka wajen magana da sadarwa.

Wanda ya ga wannan jeri ya ce son rai ne, ya dubi binciken da aka buga daga Suwidin a shekarar 2016 ɗin. An gano cewa masu otizim da suka mutu a lokacin nazarin, matsakaicin shekarunsu bai wuce 54 ba, sauran jama'a kuwa kusan 70. Farfaɗiya da kisan kai na cikin manyan dalilai. Mutumin da ke ganin 'yan'uwansa na mutuwa da wuri haka, ba abin mamaki ba ne ya tambayi dalilin da ya sa ake ta zuba kuɗi wajen neman musabbabin haihuwarsa, a bar neman abin da zai tsawaita ransa.

Ma'anar taken a aikace ta wuce a kira mutum ya ba da labarinsa a taro a yi masa tafi. Ana nufin ya kasance a wurin tun lokacin zaɓar tambaya, ya ga kasafin kuɗi, a biya shi ladan aikinsa, kuma idan ya ce a'a maganarsa ta yi nauyi. AASPIRE, haɗakar masu bincike da masu otizim, wadda likita Christina Nicolaidis da Dora Raymaker mai otizim suka kafa a Amurka a 2006, haka take aiki. Cikin abin da suka samar akwai wani fom da mai otizim ke cikewa kafin ya je asibiti, sai ya fito a matsayin wasiƙa zuwa ga likita: a bar ni in jira a wurin da ba hayaniya, a faɗa mini kafin a taɓa ni, a ba ni lokaci in amsa. Abu ne ƙarami, amma da wuya wanda bai taɓa ruɗewa a ɗakin jira ba ya yi tunaninsa. Ta fuskar doka ma an ɗan matsa. Kwamitin gwamnatin Amurka da ke ba da shawara kan binciken otizim, dokar 2006 ta tanadi aƙalla kujera ɗaya ga mai otizim a cikinsa, daga baya aka ƙara yawan kujerun. Sai dai kwamitin shawara ne, ba shi ke rabon kuɗin ba.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi, kuma bai kamata a share shi ba. Wasu iyaye masu 'ya'yan da ba sa magana, masu buƙatar kulawa dare da rana, suna cewa waɗanda ke zuwa taro da rubuta takardu ba irin 'ya'yansu ba ne, don haka wa ya wakilta su? Suna kuma ganin nazarin ƙwayoyin gado zai iya kawo sauƙin farfaɗiya. A ganina suna da gaskiya cewa kalmar "mu" da ke cikin taken tana da faɗi. Amma wannan hujja ce ta ƙara kujeru, har da na masu sadarwa da rubutu ko allon hotuna. Ba hujja ba ce ta komawa lokacin da ba a tambayi kowa ba.

Abin da ya faru da shirin Spectrum 10K ya nuna kuɗin da rashin tambaya ke ci. A watan Agustan 2021 masana daga Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Simon Baron-Cohen, suka sanar da shirin tattara yawu domin nazarin ƙwayoyin gadon masu otizim 10,000 a Birtaniya. Masu shirin sun ce ba magani suke nema ba, ba kuma hanyar gano otizim tun jariri yana ciki ba. Masu otizim suka ce to wa zai riƙe bayanan nan gaba, kuma me zai hana wani ya yi amfani da su don hana haihuwar irinsu? Suka yi kiran a ƙaurace. Cikin 'yan makonni aka dakatar da shirin don a tuntuɓe su, tuntuɓar da ta kamata tun kafin sanarwa. A watan Janairun 2025 aka rufe shi baki ɗaya.