Ka sayi babur kafin ka sami lasisi: ina matsayin inshora?

A Kano ba sabon abu ba ne mutum ya fara sayen babur, lasisi kuma ya biyo baya, in ma ya biyo. Adashi ya fito, ko an biya bashin albashi, sai a ɗauko Lifan ko Boxer a kafe a soro, a ce koyo ba zai gagara ba. Tambayar ita ce ko kamfani zai yi wa wannan babur inshora alhali mai shi bai ci jarrabawar tuƙi ba, kuma in an yi, ko za ta yi amfani.

Za a yi masa. Mallakar babur daban, izinin hawansa a titi daban, kuma babu dokar da ta hana marar lasisi sayen abin hawa. Kamfanin inshora yana duba rasit, lambar inji, lambar jiki da lambar rajista, ya ba ka takarda. Wahalar tana cikin abin da aka rubuta a jikin takardar, wanda yawancinmu ba ma karantawa, ninkewa muke mu cusa ƙarƙashin sirdi.

A takardar akwai wurin da ke fayyace waɗanda aka yarda su tuƙa: mai inshorar, ko wanda ya ba izini, da sharaɗin cewa mai tuƙin yana da lasisin irin wannan abin hawa. Lasisin babur shi ne rukunin A, kuma na mota ba ya maye gurbinsa. Saboda haka in ka hau ba lasisi ka bugi motar wani a Kofar Nassarawa, kamfani yana da hujjar cewa ka karya sharaɗi, gyara ya dawo wuyanka. Kuɗin inshorar ka biya, amma a wannan ranar kamar ba ka biya ba. In kuwa yayanka mai lasisi ne ya hau da izininka, inshorar tana aiki sarai.

Wajabcin inshorar ya daɗe. Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa masu ababen hawa inshorar kare wanda suka yi wa ɓarna, dokar inshora ta 2003 ta jaddada, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ma ba ta sassauta ba. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ƙara matsa wa direbobi a kan haka. Abin da doka ta hana shi ne amfani da abin hawa a kan titi ba inshora. Babur ɗin da ke kafe a gida bai karya doka ba, amma ranar da za a kawo shi daga shago, ko dai a ɗora shi a a-kori-kura, ko mai lasisi ya tuƙo shi bayan an gama takardu.

Farashin ba shi da yawa. Hukumar NAICOM mai kula da harkar ta ƙayyade daga 1 ga Janairun 2023 cewa ƙaramar inshorar babur naira 3,000 ce a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 1, ban da abin da ya shafi rauni ko rasa rai. Ta adaidaita sahu naira 5,000 ce, ta motar gida 15,000. Sai dai wannan ƙaramar wani take karewa, ba kai ba. In an sace babur ɗin a ƙofar gida, ko gobara ta cinye shi, ko sisi ba za ta ba ka ba.

A ganina nan ne mai jiran lasisi ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Babur da zai yi wata biyu a ajiye, ɓarawo ne abin tsoronsa, ba haɗari ba. Abin da ya dace da shi shi ne inshorar da ta haɗa da sata da gobara, ko cikakkiya, wadda NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gama-gari ba, akwai kamfanonin takaful irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a titi.

Lokacin cike fom a faɗi gaskiya. In an tambayi lasisi, a ce ana kan koyo. Wasu kan rubuta lambar lasisin ɗan'uwa, ko su nuna shi ne zai riƙa hawa alhali ba haka ba ne. Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan bayyana gaskiya, kuma ranar biyan diyya ake tono irin wannan, kamfani ya soke komai. Mai takardar izinin koyo ya tambayi kamfanin kai tsaye ko inshorarsu ta ƙunshi ɗan koyo, ya kuma nemi amsar a rubuce, don maganar baki ta dillali ba hujja ba ce. A kuma biya kuɗin gaba ɗaya, domin a dokar Najeriya inshora ba ta fara aiki sai an biya.

Takardar bogi ma ta yi yawa, musamman in aka miƙa wa wani kuɗi a ce ya haɗo "takardu duka". Ana iya tantancewa a rumbun bayanan NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, ta shafin askniid.org, a sa lambar babur a ga ko tana ciki.

Sai batun haya. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin. Wanda ya yi inshora a matsayin babur na hawan kansa sannan ya shiga ɗaukar fasinja, ko da ya sami lasisinsa, ya fita daga abin da takardar ta ƙunsa, ga kuma 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a kan hanya.

In lasisi ya fito, bayan gwajin jami'an VIO masu duba ababen hawa da ɗaukar hoto da yatsu a ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a kai wa kamfanin kwafi su sa a fayil. Ba sai an sayi sabuwar inshora ba, wadda ake da ita za ta ci gaba har shekararta ta cika.