Reshen manhaja: mataimakin kwamfuta na asali da rassansa

Mataimakin kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da ake girkawa a kwamfuta, mutum ya riƙa yi mata tambaya tana amsawa, ko ta taƙaita masa takarda, ko ta gyara masa rubutu. Idan lambobin da aka gina ta da su, wato rubutattun umarnin manhajar, a buɗe suke, kowa na iya kwafe su ya ci gaba da aikin da wani suna. Wannan kwafin shi ne reshe, masu harhaɗa manhaja kuma na ce masa fok. A GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambobin manhajoji, danna maɓalli ɗaya ya isa a yi reshe, shi ya sa mafi yawansu ranar da aka haife su suke mutuwa.

Abin da ke kawo reshe

Wani lokaci uwar, wato manhajar asali, ce ke mutuwa. Kamfanin Mycroft, mai mataimaki na murya, ya dakatar da aiki a 2023, sai reshensa OpenVoiceOS ta ɗora daga inda ya tsaya. Wani lokaci buƙata ce ta bambanta: KoboldCpp reshe ne na llama.cpp, injin tafiyar da ƙirƙirarriyar basira a kwamfuta da Georgi Gerganov ya fara a watan Maris na 2023, an ƙara masa fuskar hira da kayan rubuta labari. Akwai kuma maganar lasisi. A 2025 Open WebUI, wata manhajar hira da ƙirƙirarriyar basira, ta ƙara sharaɗin da ya taƙaita cire sunanta daga manhajar. Reshe kan fi uwa ƙarfi ma, kamar LibreOffice da ta fito daga OpenOffice a 2010.

Yadda ake zaɓa

Yawan maɓallai ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa na farko shi ne ko ana raya aikin: yaushe aka yi gyaran ƙarshe, mutum nawa ne ke yi, kuma reshen na ɗauko gyare-gyaren tsaro daga uwar ko ya yanke zumunci. Reshen da mutum ɗaya ke riƙe da shi, ranar da ya samu wani aiki, shi ke nan.

Na biyu amana. Yawancin waɗannan manhajoji suna karɓar mabuɗin asusun mutum na kamfanin da ke sayar da amsoshi, wasu har suna karanta fayiloli. Buɗaɗɗen lamba ba shaida ba ce cewa wani ya zauna ya karanta ta. Wanda bai iya binciken lamba ba, ya fi masa sauƙi ya tsaya ga uwar, inda idanu suka fi yawa.

Lasisi ya fi shafar mai niyyar kasuwanci. Lasisin MIT da na Apache 2.0 sun bari a rufe reshe a sayar. GPL ta wajabta wa wanda ya rarraba reshe ya buɗe lambarsa.

A Yamai

A nan tambayar farko ita ce ko manhajar na aiki ba tare da intanet ba. Jan, GPT4All da Ollama duk suna iya tafiyar da ƙwaƙwalwar harshe, wato fayil ɗin basirar da ke samar da amsoshin, a cikin kwamfutar kanta. Ƙwaƙwalwa mai ma'auni biliyan 7 (alƙaluman da ake auna girmanta da su), idan an matse ta a tsarin fayil na GGUF, tana kai wajen gigabait 4, kuma tana son RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, na gigabait 8 aƙalla. Sauke ta da kuɗin waya ba wasa ba ne. Dabarar ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ita ce ɗaya ya sauke, saura su kwafa ta USB. Nan ake gane reshen kirki: wanda zai karɓi fayil ɗin da aka kwafo, ba wanda zai nace sai ya sake saukewa da kansa ba. A zafin Afrilu kuma, ƴar fankar kwamfuta na ta kuka, batir na zuba, ga ɗaukewar wuta; ƙaramar ƙwaƙwalwa ta fi rufin asiri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne canza reshe don neman Hausa mai kyau. Manhajar riga ce kawai. Ingancin Hausa ko Faransancin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwar da aka ɗora yake, kuma ƙananan da ke shiga kwamfutar cinya sun fi rauni a Hausa nesa ba kusa ba.